Yadda Ake Koyon Aikin Gwajin Bayoloji da Kayan Gida da Labaran Yau

Jarrabawar bayoloji ta WAEC takarda uku ce: ta canki-canka, ta dogon rubutu, sai ta aikin gwaji wadda ake yi cikin awa biyu. Ta ukun ce ke kayar da ɗalibai da yawa, har da masu ƙoƙari, domin a nan ake ajiye wa mutum fara ko ƙwayar wake ko ƙashin dabba a ce ya duba, ya zana, ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya haddace littafi amma bai taɓa tsaga wake da reza ba, ranar hannunsa rawa zai yi. Tsarin NECO ma bai yi nisa da wannan ba. A makarantu da dama ɗakin gwaji a kulle yake, ko sinadaran sun ƙare, amma mafi yawan abin da ake tambaya ana iya gwada shi a tsakar gida.

Kayan da za a tanada ba su da yawa: fensir HB da abin fiƙe shi, rula mai santimita 30, reza sabuwa, gilashin hannu mai ƙara girma, kofunan roba masu garai-garai, ƙananan kwalaben gilashi na magani da aka wanke tas, da sirinji sabo mai mililita 5 ko 10 wanda aka cire wa allura. Sirinjin shi ne ma'aunin ruwa. Sai a sayo aidin ɗin da ake shafa wa ciwo da sifirit a kemis. Ledar fiya wata rabin lita ce, ƙaramin cokalin shayi kuma idan aka shafe bakinsa yana ɗaukar gishiri kimanin giram 5 zuwa 6. Da waɗannan biyun ake haɗa ruwan gwaji ba tare da sikeli ba.

Zane, inda maki ya fi zubewa

A fara da wake. A jiƙa ƙwaya goma a ruwa su kwana. Da safe a ɗauki ɗaya a duba gefen da ya loɓa: akwai tabo inda ƙwayar ke manne da kwanso, kusa da shi kuma wata 'yar huda ce da ruwa ke shiga. Idan aka ɗan matsa jiƙaƙƙen waken, ɗigon ruwa zai ɓullo ta nan. A ɓare fatar, a raba ƙwayar gida biyu a hankali. A jikin ɓari ɗaya za a ga ɗan tsiro mai kai biyu: mai tsini wanda zai zama saiwa, da mai kama da ƙananan ganyaye wanda zai zama kara. Masara kuwa ɓari ɗaya gare ta, ba ta rabuwa, sai an tsaga ta a tsaye. Idan aka ɗiga aidin a fuskar da aka tsaga, ɓangaren da ke ajiye abinci zai yi duhu, ɗan tsiron kuma ba zai yi ba.

Mai duba takarda ba gwanin zane yake nema ba. Abin da yake ba maki shi ne take, girman da aka ce, adadin ninki, tsabtar layi, da sunayen sassa. Idan tambaya ta ce zanen ya kasance tsakanin santimita 8 da 10, a fara auna wannan tsawon a takarda, a sa ɗigo biyu marasa kauri, a zana a tsakaninsu. Layin ya zama guda ɗaya mai tafiya, ba a yi ta karce ana maimaitawa ba. Ba a yin inuwa, ba a sa launi, ba a amfani da biro. Layukan da ke nuna sassa da rula ake jan su, kada su gitta juna, kada a sa musu kan kibiya, kuma ƙarshen kowanne ya taɓa ainihin sashen da ake nufi. Sunan a rubuta shi a kwance, da Ingilishi kamar yadda yake a littafin aji, harafi ɗaya ya kauce maki ya tafi. Layi ɗaya da ya taɓa abu ɗaya, sunansa tilo ne. Sai layi ya rabu ya taɓa biyu ake rubuta jam'i.

Ninki kuwa lissafi ne mai sauƙi: tsawon zane a raba da tsawon abin da aka zana. Wake mai santimita 1.2 da aka zana a santimita 9 ya ba da ×7.5. Kifi mai santimita 20 da aka zana a santimita 10 ya ba da ×0.5. Alamar sau tana gaba, ba a sa santimita a bayan amsar. Kurakurai biyu ne aka fi yi: juya lissafin sama ya koma ƙasa, da auna ɗaya da milimita ɗaya da santimita.

Idan an saba da wake sai a shiga kwatanci. A ajiye karfasa da tarwaɗa: ɗaya da ɓawo a jiki, ɗaya santsi da gashin baki. A ajiye fara da gizo-gizo: ƙafa shida da jiki kashi uku, ga kuma ƙafa takwas da jiki kashi biyu. A ja tebur mai shafi biyu, kowane layi ya yi magana kan siffa guda a duka ɓangarorin. Kuma abin da ido ke gani kawai ake rubutawa. Cewa fara tana yin ƙwai gaskiya ne, amma ba a ganinsa a jikin wadda ke kan tebur, don haka ba ya cin maki.

Lokacin layya dama ce da ɗaliban kimiyya ke bari ta wuce. A roƙi ƙashin wuya, na baya da muƙamuƙin rago, a tafasa har naman ya saki, a goge da tsohon buroshi, a shanya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kamar na mutum. Na farkon kusan zobe ne, na biyun yana da ɗan turke da kai ke juyawa a kansa. Na ƙirji suna da doguwar ƙaya a sama da gurbin da haƙarƙari ke zama, na ƙugu kuma su ne masu kauri da fiffike a gefe. A buɗe bakin ragon a duba: babu haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, kuma akwai fili tsakanin haƙoran gaba da turame inda harshe ke juya ciyawa.

Gwajin abinci

Na sitaci ya fi sauƙi. A tsarma aidin da ruwa, kashi ɗaya cikin goma, har ya yi kalar shayi marar kauri. A ɗiga a kan yankan doya, tuwo ko burodi: zai koma shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi. A ɗiga a kan farin ƙwai ko sukari: yana nan ruwan ƙasa. Aidin da ba a tsarma ba shi kansa duhu gare shi, sai mutum ya ɗauka akwai sitaci alhali babu.

Na mai kuma a murƙushe gyaɗa a kan farar takarda, a bari ta sha iska, a ɗaga ta wajen haske. Tabon mai yana barin haske ya ratsa kuma ba ya gushewa. A ɗiga ruwa a gefe don kwatanci, shi zai bushe ya ɓace.

Sauran biyun, na sukari da na furotin, suna buƙatar sinadaran makaranta, don haka a yi su tare da malami. A zuba mililita 2 na ruwan zuma da aka tsarma a kwalbar gwaji, a ƙara mililita 2 na ruwan Benedict, a tsoma kwalbar cikin tafasasshen ruwa minti 3 zuwa 5. Launin zai tashi daga shuɗi zuwa kore, rawaya, ruwan lemo, har ya zauna a jan bulo idan sukarin na da yawa. Gulukos, furuktos, maltos da laktos duk suna juya shi. Sukarin shayi kuwa ba ya juya shi, kuma nan ne tarkon da ake ɗana wa ɗalibai. Sai an tafasa shi da ɗigon asid haidrokulorik marar ƙarfi ya rabe zuwa gulukos da furuktos, a bari ya huce, a riƙa barbaɗa sodar yin burodi har kumfa ta daina tashi, sannan a zuba Benedict. Wanda ya tsallake matakin sodar ba zai ga ja ba, domin Benedict ba ya aiki cikin asid.

Na furotin ana kiransa gwajin Biuret. A kaɗa farin ƙwai ɗaya cikin rabin kofin ruwa, a ɗebi mililita 2, a ƙara mililita 2 na sodiyam haidroksaid marar ƙarfi, sannan a ɗiga ruwan kofa salfet mai kashi ɗaya cikin ɗari, ɗigo biyu ko uku, ana girgizawa. Launin shunayya zai fito, ba a kuma dafawa. Idan aka cika kofa salfet, shuɗinsa zai danne shunayyar. Sodiyam haidroksaid ita ce sodar masu yin sabulu, tana cin fata, idan ta faɗa ido kuma babbar magana ce. Kada a haɗa ta a gida.

Wajen rubuta sakamako shafi uku ake ja: abin da aka yi, abin da aka gani, abin da hakan ke nufi. "Ya koma jan bulo" gani ne. "Akwai sukari" hukunci ne. Ɗalibai kan haɗa su a shafi ɗaya, ko su rubuta launin da littafi ya ce maimakon wanda ke cikin kwalba. Idan kore aka gani, kore za a rubuta, a ce sukarin kaɗan ne.

Daga nan a gwada aikin miyau, wanda ba ya buƙatar komai sai aidin. A dama rabin cokalin sitacin guga da ɗan ruwan sanyi, a zuba cikin kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a juya, a bari ya huce. A zuba mililita 5 a kwalabe uku. Ta farko a sa mata mililita 1 na miyau, ta biyu miyan da aka tafasa ya huce, ta uku ruwa zalla, ita ce kwalbar shaida, wadda ake kwatanta sauran da ita. A tsayar da su cikin ruwa mai ɗumin jiki, wato digiri 37. Duk bayan minti biyu a ɗebi ɗigo daga kowacce a sa a farin faranti, a ɗiga aidin. Ta farko duhunta zai riƙa raguwa har ya ɓace, domin sinadarin amiles na miyau ya farfasa sitacin zuwa maltos. Sauran biyun suna nan yadda suke. Tafasawa ta lalata sinadarin. Idan ta farkon ta ƙi canzawa, ko dai sitacin ya yi kauri, ko ruwan ya yi zafi, ko an yi amfani da kamu mai tsami, shi kuwa amiles ba ya son tsami. Kowa ya yi da nasa miyan, ya kuma wanke kwalabensa da kansa.

Dankali da ruwan gishiri

A fere babban dankalin Turawa guda, a yanka sanduna tara, kowanne tsawonsa santimita 5 daidai, kaurinsa santimita 1. A haɗa ruwa iri uku: zalla, rabin lita da cokali ɗaya na gishiri, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, da rabin lita da cokali biyar. A sa sanduna uku-uku a kowane kofi, ruwa ya rufe su, a bar su awa ɗaya zuwa biyu. A ciro, a tsane da takarda, a auna, a lanƙwasa da yatsa.

Na ruwa zalla za su yi tauri su ɗan ƙara tsawo. Na gishiri mai yawa za su yi laushi su ragu. Na tsakiya canjinsu kaɗan ne, domin ƙarfin ruwan ya yi kusa da na cikin dankalin. Dalili shi ne kowace ƙwayar halitta tana da tantani mai barin ruwa ya wuce ya tare wasu abubuwa, ruwa kuma yana bi ta cikinsa daga ɓangaren da ya fi tsarma zuwa wanda ya fi kauri. Wannan shi ne osmosis. A lura, ruwa ne ke tafiya. Wanda ya rubuta cewa gishiri ya ja jikin dankalin ko ya cinye shi ya rasa makin bayani.

A haɗa awon ukun a raba uku, sannan a fitar da canjin cikin ɗari. Idan sanda ta tashi daga 5.0 zuwa 5.3, to 0.3 a raba da 5.0 a ninka da 100, ya ba da 6. Idan ta ragu, amsar na ɗauke da alamar ɗebewa. Abin da ke ɓata wannan gwaji: barin ɓawo a jiki, yanka daga dankali daban-daban, sanduna masu kauri da ruwa ba zai ratsa da wuri ba, ko dafaffen dankali wanda zafi ya riga ya kashe tantaninsa. Shi dafaffen ma yana da amfani idan an sa shi da gangan a matsayin shaida. Wannan ka'idar ce ke bayyana yadda takin zamani ke ƙona shuka idan aka zuba shi gab da saiwa babu isasshen ruwa, da yadda gishiri ke hana kifi ruɓewa.

Ganye da hasken rana

A shuka wake a gwangwani. Idan ya yi ganye, a sa shi cikin duhu na awa 48 don ya cinye sitacin da ya tara. A yanki baƙar takarda a rufe tsakiyar ganye ɗaya sama da ƙasa, a maƙale, a fitar da shukar rana ta yi awa huɗu zuwa shida. A tsinke ganyen, a cire takardar, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya. Sai a kashe wutar gaba ɗaya. A sa ganyen a kwalba, a zuba sifirit ya rufe shi, a tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin. Sifirit yana tafasa a wajen digiri 78, ruwan zafin kaɗai ya ishe shi, kuma kusa da harshen wuta nan take yake kamawa. Idan koren ya fita ganyen ya yi fari-fari, zai yi ƙamas kamar ƙosai ya kwana. A mayar da shi ruwan ɗumi ya yi laushi, a shimfiɗa a faranti, a ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai yi duhu, inda aka rufe ba zai yi ba, wato sai da haske ganye ke ƙera sitaci.

Idan duk ganyen ya yi duhu, ba a bar shi cikin duhu yadda ya kamata ba, ko haske ya shiga ta gefen takardar. Idan babu inda ya yi duhu, hadari ya rufe rana ko lokacin ya yi kaɗan. Ganyen mangwaro ya cika kauri, koren ba ya fita da sauƙi. Lawashin albasa kuma sam bai dace ba, domin albasa ba ta ajiye abincinta a matsayin sitaci.

Yadda ake mayar da labari darasi

Labaran kimiyya da ake ji a rediyo suna da amfani ga ɗalibi ne idan ya san babin da suka faɗa. Duk labarin da aka ji a buɗe masa shafi a amsa tambaya huɗu: wace halitta ake magana a kai, wane sashe ko mataki ne abin ya taɓa, ta yaya yake aiki, kuma me bai magance ba. Ta huɗun ita ce aka fi mantawa.

A ɗauki sikila. A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba. Yana amfani da fasahar CRISPR ta gyaran DNA, wadda ta sa aka ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel a 2020. Ana ciro ƙwayoyin da ke ƙera jini daga jikin marar lafiya, a gyara su yadda za su koma ƙera irin himogulobin (furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, don haka ga iyalan da ke fama da ciwon a Kano ko Maraɗi har yanzu labari ne na nesa. Amma ga darasin gado a ciki. Ƙwayar gadon sikila tana kan kuromosom na 11, kuma duk matsalar musanyar amino asid ɗaya ce a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. A ja akwati mai gida huɗu, A (ƙwayar gado lafiyayya) da S (ta sikila) na uba a sama, A da S na uwa a gefe. Za a samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ma'anar wannan ita ce kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kaɗai zai ɗauka ba. Ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. A sake ja da AA da AS a ga babu SS ko kaɗan. Sannan a tambayi kai: wanda aka yi wa wancan magani, 'ya'yansa sun tsira? A'a. Ƙwayoyin jini aka gyara, ba na haihuwa ba, S ɗin yana nan yana jiran a gada. Kada kuma a rikita wannan da rukunin jini na A, B, AB da O, kowanne gadonsa daban.

Sikila na kai mutum kai tsaye ga zazzaɓin cizon sauro, domin mai AS yana da ɗan kariya daga mai tsananinsa, shi ya sa S ta yawaita a inda sauro ya yi katutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin RTS,S a Oktoban 2021 bayan an gwada shi a Ghana, Kenya da Malawi, sannan da R21 na Jami'ar Oxford a Oktoban 2023. Kamaru ta sa rigakafin cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya kuma ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, allura huɗu daga wata biyar da haihuwa. A zana zagayen rayuwar ƙwayar cutar: macen sauro ta tofa ta cikin jini, ta wuce hanta ta hayayyafa, ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, wanda shi ke kawo zazzaɓi da rawar ɗari, wani sauron ya sake tsotsa. A sa alama tsakanin cizo da hanta, nan ne rigakafin ke tare ta. Kariyarsa ba cikakkiya ba ce, shi ya sa ba a ajiye gidan sauro ba. Sunan ƙwayar Plasmodium falciparum. Wajen rubuta shi da hannu kalmar farko ta fara da babban harafi, ta biyu da ƙarami, a ja wa kowacce layi a ƙasa daban.

Na uku daga gida yake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019. An sa masa ƙwayar gado daga bakteriyar ƙasa Bacillus thuringiensis, wadda ke sa shukar ta ƙera furotin da ke kashe tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso. Manomi zai rage feshi, amma ba zai daina ba, domin sauran ƙwari ba ruwansu da wannan furotin, haka ma ƙwaron da ke huda wake a buhu. Ana muhawara kan irin waɗannan iri, kuma ɗalibin da aka tambaya amfani da illa ya kamata ya iya kawo duka biyun, har da yiwuwar tsutsar ta saba da gubar bayan shekaru.

Tacewa ma aiki ne. Saƙon WhatsApp da ya ce an gano ganyen da ke mayar da SS ya koma AA, akwatin nan mai gida huɗu kaɗai ya isa ya ƙaryata shi. A duba wa ya yi binciken, a kan ɓera aka gwada ko a kan mutane, kuma wace hukuma ta amince. Sassan Hausa na BBC, DW da RFI suna kawo irin waɗannan labarai, shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya da na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, kuma a nan ake tabbatarwa.

Abin karantawa da tsarin mako

Kafin komai a sauke manhajar WAEC ko NECO, da ta JAMB, a riƙa soke duk babin da aka gama. Abin da ya fi kowane littafin tambayoyin baya daraja, a ganina, shi ne rahoton manyan masu duba takarda da WAEC ke sawa a shafinta na koyo, inda suke faɗin ainihin inda ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya. Khan Academy na da bidiyo kyauta, OpenStax na da littattafan bayoloji da ake saukewa ba ko sisi, sai dai sun zurfafa fiye da manhajar sakandare, don haka babin da ake buƙata kawai za a tsinta. Inda data ke wahala, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa sauran.

Ƙungiyar mutum huɗu ko biyar ta wadatar. Gwaji ɗaya a ƙarshen mako, zane biyu a tsakiyarsa, labari ɗaya da amsoshinsa huɗu. A riƙa musayar zane ana duba wa juna da rula a hannu, ana rage maki ba sani ba sabo. Wata biyu kafin jarrabawa a fara sa agogo: zane ɗaya da take da ninki da sunaye kada ya wuce minti goma sha biyar.

Ranar jarrabawa a shiga da fensir biyu a fiƙe, magogi mai tsabta, rula, reza da gilashin hannu. A fara zagaya kayan da ido ana daidaita harafin da ke jikin kowanne da na takardar tambaya. Idan wani ya ɓata ko ya lalace a ɗaga hannu a faɗa wa mai sa ido tun kafin a fara rubutu. A karanta tambayar har ƙarshe kafin reza ta taɓa komai, domin sau da yawa ana son zanen waje kafin na ciki, kuma ba lallai a samu wani waken ba idan an riga an tsaga na farko.